Jawabi Kan Tiyatar Miƙe Ƙashi Domin Ciwon Gwiwa



Yau zan yi magana kan ciwon gwiwa da ke hana mutum tsugunawa ko zuwa gona. A cikin gwiwa akwai guringuntsi mai santsi da ke hana ƙashi gugar ƙashi. Shekaru, ɗaukar kaya masu nauyi, ƙiba ko tsohon rauni sukan cinye shi. Sau da yawa gefen ciki ne yake fara cinyewa, sai ƙafa ta lanƙwashe kamar baka, nauyin jiki kuma ya taru a wurin da ke ciwo.

Idan magani da motsa jiki sun kasa, akwai tiyatar da likitocin ƙashi suke yi. Sukan yanka ƙashin ƙwauri a ƙarƙashin gwiwa, su miƙe ƙafar, su riƙe ta da ƙarfe da kusoshi. Nauyi sai ya koma gefen da yake da lafiya. An fi yi wa waɗanda ba su kai shekara 60 ba, masu ciwo a gefe ɗaya kawai. Mutane da yawa sukan sami sauƙi na shekara 10 ko fiye, amma aikin ba ya mayar da guringuntsin da ya tafi.

Ku sani cewa aikin yana da haɗari. Miki yakan iya ruɓewa. Ƙashi yakan ƙi haɗewa, musamman ga mai shan taba ko mai ciwon sukari. Jijiya takan taɓu har mutum ya kasa ɗaga tafin ƙafa. Jini yakan iya daskarewa a sharaɓa, kuma idan gudan ya kai huhu yana iya kisa. Saboda haka idan kun ga zazzaɓi, mugunya, kumburin sharaɓa ko numfashi da ƙyar, ku koma asibiti a ranar. Kada a kai wa mai ɗori ƙafar da ke da ƙarfe a ciki.

Mai jinya zai yi kamar mako 6 yana dogara sanda, ƙashin kuma yakan ɗauki wajen wata 3 kafin ya haɗu. Wanda ya koma huɗa da wuri yana iya ɓata aikin duka. Don haka a shawarci likita a sa ranar aiki bayan girbi. Iyali da maƙwabta su shirya wanda zai ɗebo ruwa, ya yi itace, ya kula da gona idan damina ta riske shi.

Mai wannan ciwo ya fara zuwa babban asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Idan da bukata, za a tura shi wurin likitan ƙashi, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ku tambayi kuɗin aikin duka, har da na cire ƙarfe daga baya, tun kafin ku sayar da dabba ko hatsi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.