Gadon Nana Asma'u da 'Yan Taru: Abin Koyi ga Matanmu Mazauna Birane

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta da alayensa da sahabbansa.



Bayan haka, mun saba idan muka taru a kowace shekara mu lissafa ajujuwan da muka gina, da rijiyoyin burtsatsen da muka haƙa, da ɗaliban da muka biya wa kuɗin jarrabawa. Duk waɗannan ayyuka ne na alheri, Allah Ya saka wa waɗanda suka ba da gudummawa. Amma akwai wani gini da ba ya shiga rahoton ma'aji, shi ne ginin zuciyar 'ya mace. Manufar wannan jawabi ita ce mu duba yadda magabatanmu suka yi wannan gini, da abin da ya rage gare mu yanzu da zaman birni ya raba yawancin matanmu da dangi.

Ciwon da ba ya fita a baki

A gida, macen da ta haihu ba ta kwana ita kaɗai. Akwai uwa ko gwaggo ko kaka da za ta tsaya mata har ta yi arba'in. Wadda mijinta ya rasu tana yin takabarta ta wata huɗu da kwana goma tsakiyar mata masu ɗebe mata kewa. Wadda aurenta ya mutu tana da ƙawa ta amana da za ta faɗa wa abin da ba ta iya faɗa wa mahaifiyarta. A birni kuwa, sau da yawa ɗiyarmu tana cikin gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, miji ya fita tun asuba, maƙwabciya ko sunanta ba ta sani ba. Idan baƙin ciki ya kama ta, ba mai gani balle ya tambaya.

Sakamakon wannan kaɗaici ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai sinadarin kodin, bayan da ta bayyana cewa shan sa ya zama annoba, kuma har da 'yan mata da matan aure a cikin waɗanda abin ya shafa. Wasu kuma suna kwashe ɗan abin hannunsu su kai wa boka. Kafin mu yi musu hukunci, ya kamata mu tambayi kanmu: wace ƙofa muka buɗe musu da suka ƙi shiga?

Inna da malfarta

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce. Kafin jihadi, a ƙasar Gobir akwai sarautar Inna, wadda 'yar gidan sarauta ke riƙewa. Ita ce uwar 'yan bori, ita ce kuma mafakar mata. Wadda ba ta samu haihuwa ba, ko 'ya'yanta ke mutuwa, ko wata cuta ta gagari magani, can take nufa. Tana samun masu saurarenta, da ƙungiyar da za ta shiga, da bayanin da za ta jingina ciwonta gare shi. Malaman jihadi sun yi hani da bori saboda saɓawarsa ga tauhidi, amma ƙishirwar da ke kai mata wurin ba ta gushe ba don an rushe Alƙalawa a 1808. Hasali ma yaƙe-yaƙen sun ƙara yawan zawarawa da marayu da kamammun mata da aka raba da garuruwansu.

A nan ne hikimar Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta bayyana. An haife ta a Ɗegel a 1793, tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ta san yunwa da tsoro da rashin masoya tun da ƙuruciya. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta auri Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ta rasu a 1864. Ba ta tsaya ga hani kawai ba. Ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru, inda ta riƙa zaɓen dattijuwa mai hankali da amana daga ƙauye ta naɗa ta jaji. Alamar naɗin ita ce malfa, irin wadda Inna ke sanyawa, a ɗaura mata jan rawani. Wato ta ɗauki alamar da matan karkara suka riga suka sani kuma suke girmamawa, ta ɗora ta a kan mace mai ɗauke da ilimi.

Jaji kan jagoranci tawagar tsofaffi da 'yan mata, waɗanda hidimar gida ba ta ɗaure su ba, su yi tattaki zuwa wurin Asma'u. Su haddace waƙoƙinta masu koyar da tsarki da salla da kyawawan halaye, su koma su rera wa matan da ke cikin gidaje. Aikinsu bai tsaya ga karatu ba, suna duba marasa lafiya, suna taimakon masu jego, suna wankan gawar mata, suna sasanta masu husuma. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon wannan amana.

Matan da ake dubawa a gyara hali

Asma'u ta fahimci cewa nasiha ba ta zama a zuciya sai an ga wadda ta aikata ta. Saboda haka wajejen 1837 ta wallafa waƙar da aka sani da Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta jero mata salihai tun daga iyalan gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra, har ta gangaro kan matan zamaninta waɗanda masu saurare suka sani ido da ido. Ta kuma yi marsiyya ga mata talakawa, ciki har da maƙwabciyarta Halima da jajinta Hauwa'u. Darasin a fili yake: matsayi a wurin Allah ba gadon gidan sarauta ba ne.

Idan muka bi wannan tafarki za mu ga kowace jarrabawar 'ya mace tana da uwa a tarihi. Wadda aka bari da jariri ba mataimaki ta tuna da Nana Hajara, da ba ta zauna tana kuka ba, ta yi kai-kawo tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai, ga shi har gobe alhazai maza da mata suna bin sawunta. Wadda aka yi wa ƙazafi ta tuna da Nana Maryam da Nana A'isha, waɗanda Allah da kansa Ya wanke su. Wadda ke zaune da azzalumi ta tuna da Asiya matar Fir'auna, da ba ta bari zaluncin gidan ya shiga imaninta ba. Mai neman na kanta ta tuna da Nana Hadiza, attajira, wadda ta kwantar da hankalin Manzon Allah a ranar da wahayi ya fara sauka. Mu lura, babu ɗaya daga cikinsu da aka yaba saboda naɗe hannu. Haƙurinsu haƙuri ne mai tafiya da aiki, ba irin wanda muke tura 'ya'yanmu su yi alhali ciwo na cin su ba.

Addu'a da asibiti

Asma'u ta kuma rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, a kan falalar surorin Alƙur'ani da neman waraka da su. Wannan gado ne mai daraja, amma bai hana neman magani ba. Likitoci sun tabbatar da cewa akwai ciwon damuwa da ke kama wasu mata bayan haihuwa: yawan kuka, rashin barci, ƙin abinci, wani lokaci har da ƙin jaririn. Ba raunin imani ba ne, ba kuma lallai a ce aljanu ba ne. Cuta ce mai magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kware da Kaduna da Maiduguri da Dawanau ta Kano, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Jajin wannan zamani dole ta san lokacin da za ta yi addu'a, ta kuma san lokacin da za ta ce a tashi a tafi wurin likita.

Abin da ya rage gare mu

Muna ba da shawara ga kowane reshe na wannan ƙungiya da ya zaɓi dattijuwa ɗaya ko biyu masu riƙon asiri, waɗanda za su san kowace ɗiyar garinmu da aure ko aiki ko karatu ya kai wannan birni. Kada a bari wata ta haihu, ko ta yi rashi, ko aurenta ya mutu, ba tare da an taka ƙafa an je ba. Saƙon waya ba ya share hawaye. A ware wani kaso na asusunmu domin kuɗin asibiti da ɗan jari ga zawarawa. A riƙa yin zaman karatu na wata-wata inda za a karanta tarihin waɗannan bayin Allah, a kuma bar mata su yi magana. Ƙungiyar FOMWAN, da aka kafa a Minna a 1985, ta nuna cewa matan wannan zamani suna iya irin wannan tsari, kuma za mu amfana da haɗa hannu da ita.

Ga 'yan'uwanmu maza kuwa, Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma ba za ta kai ga 'yar'uwarta ba idan an rufe mata ƙofa. 'Yan Taru ba su yi tafiya ba sai da yardar mazan gidajensu. Mu ba da izini, mu ba da kuɗin mota, mu kuma saurara idan an yi mana magana.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da jajinta, Ya jiƙan iyayenmu mata da suka riga mu gidan gaskiya, Ya yaye wa masu damuwa damuwarsu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.