IDAN WUTAR A-KORI-KURA TA ƊAUKE BAKI ƊAYA

 

An umurce ni da in yi magana a kan sana'ata, wato gyaran wutar mota. Malamanmu su gafarce ni, yau ɗalibi ne riƙe da alli. Na zaɓi matsala guda: direba ya murɗa makulli, amma mota ta yi tsit. Babu fitila, babu oda, ko jar wutar da ke gabansa ba ta kawo ba.

Kowa a nan ya san matsayin a-kori-kura a ƙasarmu. Tun daga Fijo 404 da 504, waɗanda kamfanin Peugeot na Kaduna ya riƙa haɗawa bayan buɗe shi a 1975, har zuwa tsofaffin Datsun da Hilux, su ne ke ɗaukar gero da albasa da marar lafiya daga Tsamaye zuwa Sabon Birni, ko daga Isa zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. A da, mota ta lalace sai a shimfiɗa tabarma a jira safiya. Amma tun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyinmu, tsayuwa a daji da magariba ta zama maganar rai. Ku tuna a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Sabon Birni da Isa da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato, ko makanike ba ka iya kira. Dole ke nan direba ya san abin yi da hannunsa.

Ga ka'idar. Idan fitila ɗaya ta mutu, laifin nata ne. Idan kuwa komai ya mutu lokaci guda, to laifin yana kan hanyar da duka suke tarayya a kanta. Gida ɗaya ya rasa ruwa, a duba randarsa. Gari duka ya rasa, a nufi rijiya. Wannan hanya gajera ce, wuri biyar kacal gare ta, kuma bi da bi ake duba su.

Na farko, kawunan batir. A yawancin motocin da ake kawo mini, nan matsalar take. Kama kowane kai ka murɗa; in ya motsa, ya saki ke nan, kuma gargadar hanya ce ke jawo haka. In ka ga farin gari ko kore ya taru, guba ce ta ruwan batir, tana hana wuta wucewa. Kwance baƙar waya tukuna, sannan ja. Wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, domin kanwa tana kashe kaifin asid, amma kada ruwan ya shiga cikin batir. Kankare har ƙarfe ya yi haske, ka mayar da ja, sannan baƙa, ka ɗaure tamau.

Na biyu, batirin kansa. Gida shida ne a cikinsa, lafiyayye yana nuna bolt 12.6 a mita. In babu mita, kwan fitila mai waya biyu ya wadatar: taɓa kawunan biyu, in ya haska sosai, batir ya kuɓuta daga zargi.

Na uku, wanda aka fi mantawa: inda baƙar waya ta ɗauru da jikin mota. Ta ƙarfen mota wuta ke komawa batir. Motar da ke ratsa fadama da damina, ta sha ƙura da rani, tsatsa ce ke cin wannan mahaɗa. Ɗora wayar kwanka ɗaya a jan kai, ɗaya a jikin injin. In bai kama ba, alhali ya kama a kan batir, ka gano ɓarawon.

Na huɗu, babban fis. A motocin Japan yana nan dab da jan kai, wani lokaci siffarsa 'yar gajeriyar waya ce mai laushi. In ya ƙone, ruwa ba ya tsami banza: akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe. Nemo ta ka naɗe. Don Allah kada a maye gurbinsa da ƙusa ko takardar sigari, hakan ne ke tayar da gobara a mota.

Na biyar, makulli. A yawancin waɗannan motoci, fitilar gaba ba ta jiran makulli. In ta kama amma sauran sun ƙi, duba wayoyin da ke bayan makullin.

Sai gargaɗi uku. Kada a haska batir da ashana, iskar da yake fitarwa tana fashewa. Kada a cire kan batir injin na aiki da sunan gwaji, yana lalata altaneta. Mita ce magwaji, ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Kuma turi ba ya tayar da motar fetur da hanyar wutarta ta yanke, wahalar da fasinja kawai za a yi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sifana mai lamba 10 da mai lamba 13, filaya, kwan gwaji, fis na ajiya da tocila, duka ba su cika aljihun mota ba. Ina roƙon ƙungiyarmu ta ware rana guda mu koya wa direbobi da yaran mota wannan a tashar Sabon Birni, ni kuwa na ɗauki nauyin koyarwar kyauta.