Barcin 'Ya'yanmu 'Yan Makaranta: Hakkin Da Ke Kan Gida Da Ikkilisiya



A Ayyukan Manzanni sura 20 akwai labarin wani saurayi, Aftikos. Manzo Bulus yana wa'azi a Taruwasa, magana ta yi tsawo har tsakar dare, saurayin yana zaune a bakin taga. Barci ya kwashe shi, ya faɗo daga hawa na uku. Bulus bai tsaya yi masa faɗa ba, sauka ya yi ya rungume shi. Mu kuwa, in malami ya aiko cewa yaronmu yana gyangyaɗi a aji, abin da muke fara cewa shi ne malalaci ne. Kafin mu ɗauki bulala, ya kamata mu tambayi kanmu ƙarfe nawa ya kwanta, kuma wa ya hana shi kwanciya da wuri.

A 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara cewa yaro mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 kowace rana. Ku yi lissafi da ni. Yarinyar da za ta tashi ƙarfe 5:30 ta ɗebo ruwa, ta yi shara, a yi addu'ar safe, sannan ta kama hanyar makaranta, dole barci ya riga ya ɗauke ta ƙarfe 9:30 na dare kafin ta sami ko awa 8 ɗin. A gida nawa cikinmu ake yin haka?

Akwai abin da ya kamata iyaye su sani. Allah ya sa wani agogo a jikin mutum, wanda yake gaya masa lokacin barci da lokacin tashi. Idan yaro ya fara balaga, agogon nan yakan ja baya da awa ɗaya ko biyu. Shi ya sa yaron da a dā yake ɓingirewa kan tabarma da an gama cin tuwo, yanzu har ƙarfe 11 idonsa biyu. Ba taurin kai ba ne. Kuma tsawa ba ta kawo barci. Abin da yake saita agogon nan shi ne hasken safe, don haka daga safiya ake fara gyara. Ɗalibi ya tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, ya riƙe shi har Asabar da Lahadi, da gari ya waye kuma ya fita waje haske ya taɓa idonsa. Sai ya riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 bayan kowane kwana biyu ko uku. Wanda ya saba kwanciya ƙarfe 12 ya ce yau ƙarfe 9 zai kwanta, juye-juye kawai zai yi ta yi har ya fid da rai. Sannu ba ta hana zuwa. In an dawo makaranta a gajiye, a ɗan runtsa na minti 20 zuwa 30 kafin la'asar. Barcin yamma mai tsawo daga na dare ake cire shi.

Yanzu ku 'yan aji shida masu jiran WAEC da NECO, da ku nake. Na san dabarunku: a tsoma ƙafa cikin bokitin ruwan sanyi, a tauna goro, a dama Nescafé mai kauri, a yi ta karatu har zakara ya yi cara. Dukanku 'ya'yan manoman rani ne. In an saki ruwa a fangali, ai sai an ba shi lokaci ya ratsa ƙasa. Wanda ya yi ta kwarara ruwa ba tsayawa, ambaliya zai yi, ya tafi da taki. Haka karatu yake. Abin da ka karanta da rana, cikin barci ne ƙwaƙwalwa take tsara shi ta adana. Wanda ya kwana a kan littafi yakan shiga ɗakin jarrabawa ya ga tambayar da ya sani sarai, amsa ta ƙi zuwa. Sinadarin da yake hana barci a goro da kofi da shayi da lemukan ƙara kuzari kuma ba ya saurin fita: bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan a jini. Goron da aka ci da la'asar yana aiki har lokacin kwanciya. In za a sha shayi, a sha da safe.

Waya kuwa, ba sai na daɗe a kanta ba. Haskenta yana ruɗar agogon jiki, hirar WhatsApp da bidiyon TikTok kuma ba su da ƙarshe. A ajiye ta ɗakin Mama awa ɗaya kafin kwanciya. Amma Baba, in kai ma kana latsa taka har tsakar dare, ka san dokar ba za ta yi ƙarko ba.

Iyayena maza, ku yi mini haƙuri, zan shiga gona. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya biyo kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, wannan ƙasa ba ta da lokacin hutu. Damina shinkafa, rani tumatur da alkama da albasa da masara. Albarka ce, da ita muke biyan kuɗin makaranta da zakka. Amma wa muke tashi in ruwa bai iso gonarmu ba sai dare? Wa yake kwana gadin injin ban ruwa? Wa yake tashi kafin asuba ya ɗora kwandunan tumatur a mota zuwa Kwanar Gafan, ko ya tafi korar tsuntsu a shinkafa? Yaron nan ne da za a kira sunansa a aji ƙarfe 8. Ban ce yaro ya daina zuwa gona ba. Ɗan manomin da bai iya riƙe fartanya ba abin kunya ne, kuma na san kuɗin ɗan ƙwadago ya yi tsada. Roƙona shi ne, daga watan Maris har a gama jarrabawa, a ɗauke wa ɗalibi aikin dare a ranakun makaranta, ya biya da yammaci da ranar Asabar. Inda uba ya tsufa ko gwauruwa ce take riƙe da gida, mazan ikkilisiya su yi gayya su karɓi ban ruwan daren. Asarar kwando biyu na tumatur ana mayar da ita baɗi. Yaron da ya faɗi Turanci da lissafi sai an sake biya masa kuɗin jarrabawa, ya kuma rasa shekara.

Ruwan nan kuma ya kawo mana sauro, rani da damina. Yaron da ya kwana yana marin jikinsa bai yi barci ba, ko da bai bar shimfiɗa ba, ga zazzaɓi yana jiransa. Tun 2009 aka fara rabon gidan sauro mai magani gida-gida a jihar Kano, amma har yanzu za ka ga wani an kewaye irin tumatur da shi. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, ɗaki ba ya kwantuwa. A yi wanka da ruwan sanyi, a shimfiɗa a tsakar gida, amma a kafa sanduna a ɗaura gidan sauron a can.

Dattawa, saura mu. Koyon waƙa da aka ce ƙarfe 6, ba a farawa sai 7:30, a tashi ƙarfe 10, sannan yaro ya taka zuwa wata unguwa. Litinin matasa, Talata mawaƙa, Laraba addu'a, ga kwanan addu'a. Mu kaɗan ne a wannan yanki, don haka yara ɗaya ne suke cika kowace ƙungiya, kuma wanda ya fi himma shi ya fi shan wahala. Har akwai inda ake tara ɗalibai kwanan addu'a ana gobe za su rubuta jarrabawa. Ina girmama niyyar, amma ban yarda da tsarin ba. A yi musu addu'a da yamma, a sa musu albarka, a sallame su, iyaye su ci gaba da tsaro a madadinsu. Ku tuna da annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19, sa'ad da ya gaji har ya roƙi mutuwa. Kafin Ubangiji ya yi masa magana a Horeb, an bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci abinci, ya sake kwanciya.

Wani yaron kuma damuwa ce take hana shi barci: kuɗin makaranta, tsoron faɗuwa, ko tsangwamar da yake sha a aji saboda bangaskiyarsa. Addu'ar iyali ta dare wuri ne na fitar da irin wannan, in an yi ta da wuri, kamar ƙarfe 8:30, aka kuma bar yaro ya faɗi abin da yake ransa. In ya kwanta kamar minti 20 barci bai zo ba, ya tashi ya zauna shiru cikin ɗan haske kaɗan har ya ji gyangyaɗi, sannan ya koma. Kada kowa ya je kemis ya sayo wa yaro ƙwayar barci. Daga irin wannan ake zarcewa shaye-shaye, mun kuma ga ɓarnar da maganin tari mai kodin ya yi a Kano kafin gwamnatin tarayya ta hana shi a 2018. In rashin barcin ya wuce wata guda, ko yaro yana minshari mai ƙarfi har numfashi yana ɗaukewa, a kai shi asibiti.

Ina roƙon dattawan kowace ikkilisiya, a zamanku na gaba ku ɗauko tsarin ayyukan mako, ku duba wanne ne yake wuce ƙarfe 8 na dare a ranakun makaranta, ku matso da shi. Kwanan addu'a kuma a mayar da shi daren Juma'a.