Daga Wasiƙun Masu Saurare: Kashi Nawa Ne Rabona A Kuɗin Rake?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Kurmin Kogi, cikin ƙaramar hukumar Ikara ta jihar Kaduna. Mai saurarenmu ya ce shi da ƙaninsa suka haɗa jari suka noma rake, shi ya zuba naira dubu 84, ƙanin kuma dubu 126. An yi mazarƙwaila an kai kasuwar Makarfi, yanzu ana neman a ɓata wajen rabo. Shi ne yake tambaya, kashi nawa ne nasa?

To Malam, abin bai kai ga rigima ba. Jimlar jarin dubu 210 ne, ke nan rabonka 84 bisa 210. Lambobin ne suka yi nauyi, bari mu rage musu kaya.

Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da kansu ko da 1, irin su 2, 3, 5, 7 da 11. Su ne tubalan da ake gina sauran lambobi da su. In ka farfasa 84 za ka sami 2 sau 2 sau 3 sau 7. Ita kuwa 210, 2 ce sau 3 sau 5 sau 7. Sai ka soke duk wadda ta fito sama ta kuma fito ƙasa, wato 2 da 3 da 7. Amma fa a kula, 2 sau biyu ta fito a sama, sau ɗaya a ƙasa, don haka guda ɗaya tak za a soke. Nan yara da yawa ke tuntuɓe a jarrabawa. Saura 2 a sama, 5 a ƙasa.

Ka kasa kuɗin kashi 5, ka ɗauki 2, ƙaninka ya ɗauki 3. In dubu 350 aka samu, kowane kashi dubu 70 ne: kai dubu 140, shi dubu 210.

In farfasawar ta yi maka wuya, ga dabarar Yukilid, masanin da ya zauna Iskandariyya ta Masar wajen shekaru 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Raba 210 da 84, saura 42. Raba 84 da 42, ba saura. To 42 ɗin nan ita ce lamba mafi girma da ke raba su duka biyu: sau 2 take shiga 84, sau 5 take shiga 210.

Sai dai Malam, kuɗi kawai muka lissafa. In ɗayanku ya fi wahala wajen ban ruwa da sara, ku zauna ku yanka masa ladan aikinsa tukuna, sannan a kasa sauran.