Gyaran filayen wasa a jihar Damagaram: ina rabon Gure?

Gyaran filin wasa a Nijar biki yake bi. Tun da aka soma kewayawa da sallar 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, daga jiha zuwa jiha, duk birnin da zai karɓi baƙi shi ke samun kwalta da fitilu da gidajen saukar manya, a haɗa masa da fenti da sabuwar rumfa a filin ƙwallo da filin kokowa. Damagaram ce ta buɗe wannan layi a 2006, zamanin Tandja Mamadou, Tawa da Tilaberi da Difa suka biyo baya. Gwamnatin Issoufou Mahamadou ta farfaɗo da tsarin a 2014 da Dosso Sogha, sai Maradi Kolliya a 2015, Agadez Sokni a 2016, Tahoua Sakola a 2017, kana Zinder Sabuwa a 2018. Sau biyu ke nan birnin Damagaram yana cin wannan rabo cikin shekara 12. Jihar kuwa gunduma goma gare ta, kuma babu hedikwatar gunduma ko ɗaya da tsarin ya tanadar wa juyi, domin an gina shi ne a kan manyan biranen jihohi takwas kawai.

Da a ce kuɗin da aka tattara a manyan birane sun riƙe filayen can, da an sami abin kafa hujja. Babban filin Janar Seyni Kountché na Yamai, wanda Sinawa suka gina aka buɗe a 1989, mai cin mutum wajen 35,000, ya karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a 2005, da gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015, da ta ƴan ƙasa da 20 a 2019 tare da filin Maradi. Kowace gasa ta zo da nata gyaran. Duk da haka daga 2021 hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta fara hana shi manyan wasanni, Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasa, ta koma karɓar baƙinta a gidan wasu: Burkina Faso a Marrakesh a 2021, Tanzaniya a Kwatano a 2022, Aljeriya a Tunisiya a 2023, har ta kai ga ta “karɓi” Maroko a Ujda, cikin ƙasar Maroko, a Maris ɗin 2025. Gyaran da ake yi saboda baƙo, ranar da baƙon ya tafi ake daina kula da shi, kuma idan babban filin ƙasa bai tsira ba, ƙanana ba su da ta cewa.

Gure tana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kilomita 160 da ɗoriya gabas da Damagaram, a ƙasar Muniyo. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Damagaram mutum miliyan 3.5, mafi yawa a jihohin ƙasar, ta ba gundumar Gure fiye da 300,000 a ƙananan hukumomi shida: Gure, Bune, Gidigir, Kelle, Gamu da Alakos. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, wannan na nufin yara fiye da dubu ɗari da hamsin a gunduma guda, ban da samari, kuma an ƙaru sosai tun daga lokacin. Yaron Kelle ko Bune da ke da ƙafa ba zai je Damagaram horo kowace yamma ba. Filin hedikwatar gundumarsa ne iyakarsa.

Doka ba ta taimaka ba. Lokacin da gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a 2016, fannoni huɗu ta zaɓa: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Wasanni ba sa ciki. A Afrilun 2024 kuma aka rushe majalisun ƙananan hukumomin, kantomomi suka maye gurbin magadan gari.

Saura tambayar irin gyaran da ya dace. A nan ne jami'ai suka fi ɓata, don da an ce “filin zamani” sai hankalinsu ya tafi ga koriyar ciyawa irin ta talabijin. Filin ƙwallo mai mita 105 a 68 yana da faɗin murabba'in mita 7,140. A bazarar Gure, ciyawa ba za ta rayu da ƙasa da ban ruwa na milimita 7 a rana ba, wato lita 50,000 kowace rana ta Allah. Idan aka ƙiyasta wa mutum lita 20, ruwan mutum 2,500 ke nan za a riƙa zubawa a ƙasa kullum, a yankin da daminarsa wata uku ce, ruwan samansa bai cika wuce milimita 300 da ƴan kai ba. Wanda ya taɓa ganin layin jarkoki a Damagaram a watan Afrilu ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Ciyawar roba ta fi sauƙin ruwa, amma ba ta kuɓuta ba. Shekara takwas zuwa goma take yi a sake shimfiɗa wata, da rana tsaka zafinta kan wuce digiri 60, kuma tana son injin shara a kai a kai. Babban abokin gabanta shi ne abin da Gure ta fi kowa yawansa, wato rairayi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas, wadda ke tura tuddan rairayi cikin kwarurrukan dabino da kanwa na yankin, ba za ta ƙyale shimfiɗar roba ba. Cikin ƴan shekaru za ta cike ta ta daskare kamar daɓe.

Saboda haka aikin farko shi ne tsare filin kansa. Ana buƙatar takardar mallaka da sunan filin wasa, don a garuruwan da ke faɗaɗa, fili mara takarda shi ake fara yankawa a sayar. Sannan katanga: fili mai mita 150 a 120 na cin katanga mita 540, aikin da maginan gari za su iya da bulon da aka buga a wurin. Ba tare da katanga ba babu ƙofa, babu tikiti, babu ko dala da za ta shigo, kuma fili ya zama hanyar amalanke da makwancin awaki. A bayan katangar, ta gefen da iska ke fitowa, sai shingen kalimbo ko kaba da layukan bedi da ɗakwara. Wannan fasaha ba sai an ɗauko gwani daga waje ba. Mutanen Gure da Maine Sorowa sun shafe shekaru suna kafe tuddan rairayi da ita, musamman a ƙarƙashin shirin PLECO. Bayan haka sai rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da makewayi na maza da na mata, da rumfa ɗaya mai inuwa, da fitilu kaɗan don a yi horo bayan magariba a lokacin zafi. Filin wasan kuwa ƙasa ce a daidaita a daddale.

Kokowa ita ce ta fi ƙarfafa wannan hujja. Tun da aka fara gasar Takobi a Tawa a 1975, kowace jiha ƴan kokowa goma take kaiwa, kuma daga ƙauyuka da gundumomi ake tace su kafin su isa filin Langa-Langa na Damagaram. Abin da fagen kokowa ke buƙata da'irar rairayi ce da buhunan yashi a kewaye, da wurin makaɗa, da inuwar ƴan kallo. Ga wasan da ya fi kowane tara jama'a a ƙasar, wanda mutane ke biyan kuɗin shiga da son ransu, kuma kayan aikinsa kyauta iska ke kawowa. Fili ɗaya mai katanga zai ɗauki ƙwallo da kokowa da langa da wasannin makarantu, kuɗin ƙofar kokowa su riƙe sauran.

Ta fuskar kuɗi akwai ƙofofin da ba a ƙwanƙwasa sosai ba. Shirin FIFA Forward ya ware wa kowace hukumar ƙwallo ta ƙasa har dala miliyan 8 tsakanin 2023 da 2026, wani kaso don gine-gine, kuma hukumar ƙwallon Nijar, FENIFOOT, ce ke tsara inda za su. Hukumar ANFICT an kafa ta ne don tallafa wa ƙananan hukumomi. Ko wanne aka bi, bai kamata a sa hannu a kan kwangila ba sai ƙaramar hukuma ta rubuta a kasafinta na shekara albashin mai gadi da mai ban ruwan itatuwa da kuɗin gyaran famfo, an kuma fayyace wa ke riƙe mabuɗi tsakanin kantoma da jami'in wasanni na gunduma da ƙungiyoyin ƴan ƙwallo da na ƴan kokowa.