Aikin Tsaron Annoba Idan Kasafin Kuɗi Ya Tsaya



Maganar da muka zo da ita yau ta ƙasar Amurka ce, kuma tana iya ba waɗansunku mamaki, watau yadda ƙasa mai wannan arziki takan wayi gari gwamnatinta ba ta da ikon kashe ko kwabo. A can shekarar kuɗi takan fara ne ran 1 ga Oktoba. In ranar ta zo Majalisa ba ta amince da kasafi ba, akwai wata tsohuwar doka, tun ta ƙarni na 19, wadda ta hana kowace ma'aikata kashe kuɗin da ba a ware mata ba. Da can ma'aikatu kan ci gaba da aiki suna jiran 'yan Majalisa su daidaita. A 1980 da 1981 ne Babban Lauyan Gwamnati, Benjamin Civiletti, ya yanke cewa dole a dakatar da aiki, in ban da wanda ya shafi tsaron rai ko dukiya.

To, a nan gizo yake saƙar. Wane aiki ne tsaron rai? A 1990 Majalisa ta ƙara ƙuntata ma'anar, ta ce sai haɗarin ya kasance yana dab da aukuwa. Likitan da ke kan marar lafiya kowa ya yarda aikinsa na tsaron rai ne. Amma malamin da ke zaune a ɗakin bincike yana gwada ƙwayar cutar wannan jiha da ta waccan, don ya gane ko tushensu ɗaya, shi dokar ba ta ganinsa sosai, alhali kuwa shi ne mai fara hango annoba.

An ga haka a fili a 2013, sa'ad da aka rufe gwamnati kwana 16, daga 1 zuwa 16 ga Oktoba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta tura wajen kashi biyu cikin uku na ma'aikatanta gida. Aikin bin sawun mura ya raunana, ga shi kuwa lokacin sanyi ya gabato. Ran 7 ga wata sai aka ba da sanarwar cewa mutum 278 a jihohi 18 sun kamu da ciwon ciki na ƙwayar salmonela daga naman kaji. Ala tilas hukumar ta kira ma'aikata kamar 30 su komo bakin aiki. Mu lura da tsarin abin: an sallami masu gadi, sai da ɓarawo ya shigo gida sannan doka ta yarda a kira su. A ganinmu wannan shi ne babban aibin dokar.

Kuma wanda aka ce ya zauna bakin aiki ba albashi yake karɓa ba, sai ranar da aka buɗe. Sai a 2019 aka yi dokar da ta tabbatar wa ma'aikatan gwamnati biyan bashinsu, amma ba ta haɗa da ma'aikatan 'yan kwangila ba.

Dabarar da ta fi amfani ita ce a raba aikin lafiya da rigimar shekara-shekara. A rufewar kwana 35 ta Disamba 2018 zuwa Janairu 2019, CDC ba ta jigata ba, domin an riga an amince da kasonta tun Satumba. Asibitocin da ke kula da 'yan asalin ƙasar kuwa, da yake kuɗinsu yana cikin wani ƙudurin dabam, sun sha wuya. Saboda haka a ƙarshen 2022 aka fara ware musu kuɗi shekara guda gaba, kamar yadda ake yi wa asibitocin tsofaffin sojoji tun bayan dokar 2009. Duk da wannan darasi, a 2025 an sake rufewa har kwana 43, mafi tsawo a tarihinsu zuwa lokacin, aka kuma sake tura da yawa daga ma'aikatan CDC gida.

Kada mu yi musu dariya. Mu a Nijeriya sashe na 82 na tsarin mulkin 1999 ya ba Shugaban Ƙasa ikon ci gaba da kashe kuɗi har wata shida in kasafi ya makara, saboda haka ba a rufe ofis. Namu ciwon shi ne kuɗi yana rubuce a takarda, sakinsa ya gagara. Kasafin 2018 ma sai a watan Yuni aka sa masa hannu. Ku tuna da Ebola ta shiga Legas a Yuli 2014. Abin da ya taimake mu shi ne akwai ma'aikatan da suka riga suka goge a cibiyar gaggawa ta yaƙi da shan inna, aka ɗebo su nan da nan. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, aka ayyana ƙasar ta rabu da cutar ran 20 ga Oktoba.

Da yawa cikinku gobe ku ne za ku riƙe littafin kuɗi na ma'aikatu. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Tun kafin kuɗi ya tsaya, a rubuta sunayen waɗanda aikinsu ba ya tsayawa, a sa masu bin sawun cuta da direban da ke kai samfurin jini ɗakin bincike a ciki, a keɓe kuɗin man janareta na ɗakin sanyin allurar rigakafi inda ba mai taɓa shi.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata, mu saurari tambayoyi.