GADIN FALGORE AIKI NE, BA TUKUICI BA

Jawabin da Magatakardan reshenmu na Birni ya yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a wurin lacca, bakin Kasuwar Kurmi, bayan la'asar.

 

Da aka ce laccar yau a kan daji ce, mun ji waɗansu suna gunaguni, wai mu da muke cikin ganuwa ina ruwanmu da daji? To, ku dubi inda muke tsaye. Wannan kasuwa da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa yau fiye da shekara 500, sunanta Kurmi. Wa zai nuna mana kurmin? Ya tafi, sai suna. Abin da muke ji wa Falgore tsoro ke nan.

Dajin Falgore yana kudu da mu, tafiyar kamar kilomita 150, a ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, can wajen iyakarmu da Kaduna da Bauchi. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Turawan mulki suka keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya aka mai da shi wurin kiwon namun daji. Kogin Kano ta cikinsa yake ratsowa ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako. Ruwan Tiga ne yake shayar da shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa, shi ne kuma ake tacewa a Tamburawa a turo birni. In aka sare itatuwan bakin kogi, damina sai ta kwashe ƙasa ta zuba a madatsa, madatsa ta cika da yashi, ruwa ya ragu. Mai tumatir a 'Yankaba da mai jiran famfo a cikin gari, duk gatarin da aka ɗaga a Falgore a kansu yake sauka, ko sun ji ƙararsa ko ba su ji ba.

Amma fa ba za mu ɓoye muku ba, talaka yana da dalilin ƙin malamin daji. Dattawan da ke nan sun ji daga iyayensu yadda ake yi a zamanin En'e. Mutum ya sassabe reshen ɗorawa a gonar gadonsa, a ƙwace gatari, a kai shi gaban alƙali, a ci shi tara. Wanda ya iya gaisuwa kuwa ya sare kurmi guda ba mai ce masa uffan. Irin wannan zalunci, tare da na haraji da jangali, yana cikin abin da ya sa aka kafa NEPU a nan Kano ran 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano da mutanensa suka sha ɗauri da duka suna neman sawaba. An rushe En'e a 1976, amma halin bai bi ta kabari ba.

To, me ya lalata malamin daji? Ba a haife shi azzalumi ba. An ɗauke shi ne don shi yaron wani ne, ba a koya masa kome ba, aka ba shi kaki da ɗan albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata, aka ce je ka tsare dukiya. Wanda ya bai wa kura ajiyar nama, kada ya kai ƙara. Ga shi kuma an tura shi da sanda, ya tarar da masu bindigar yaƙi. Kun tuna a 2015 yadda ɓarayin shanu suka mai da Falgore gidansu, har direbobi suna fargabar bin hanyar Jos da dare, sai da aka tura soja da 'yan sanda. Soja ya kori ɓarawo, madalla. Amma soja ba zai zauna yana ƙirga gwanki ba, ba zai san wane kwari ne ake toya gawayi a ciki ba. Wannan aikin wani ne dabam, kuma sana'a ce kamar ƙira ko dukanci, sai an koya.

Makarantunta suna nan. Akwai kwalejin Gwamnatin Tarayya ta kiwon namun daji a New Bussa, akwai wata a Garwa ta ƙasar Kamaru tun 1970. Ana koyar da sintiri, da karanta taswira, da bin sawu, da kashe gobarar daji, da rubuta rahoto, da yadda ake kama mai laifi a kai shi kotu ba tare da an taɓa lafiyarsa ba. Yaranmu nawa aka tura?

Bari mu ba ku labarin maƙwabta. A ƙasar Cadi akwai daji ana ce da shi Zakuma. A 2002 giwayensa sun haura 4,000. Kafin 2010 masu farautar haure sun bar kamar 450 kurum. A shekarar nan ta 2010 gwamnatin Cadi ta ɗauko wata ƙungiya mai suna African Parks ta damƙa mata riƙon dajin. Aka tace masu gadi, aka horar da su, aka riƙa biyansu kan lokaci, aka ba su rediyo da dawaki, aka kuma jawo makiyaya da mutanen ƙauye suna kawo labari. A 2021 giwayen sun haura 600. Kada ku ɗauka a banza aka samu. A watan Satumba na 2012 'yan farauta suka auka wa masu gadi 6 suna sallar asuba. Gawar 5 aka samu, na shidan ba a sake ganinsa ba. Allah ya jiƙansu. Aikin da ake mutuwa a kansa haka, ashe shi ne za a riƙa rabawa kamar goron suna bayan zaɓe?

A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya, zamanin Muhammadu Buhari, ta sanar da amincewa a mai da dazuzzuka 10 gandun daji na ƙasa, Falgore yana ciki, da Kogo na Katsina da fadamar Haɗeja. Mun ji, mun yi murna. Sai dai sauya suna a takarda ba ya tsare ko tsinke. Ko Tarayya ce ke riƙe da dajin ko Jiha, abin da jam'iyyarmu take nema ɗaya ne: a ɗauki mai gadi da jarrabawa, a liƙa sunayen waɗanda suka ci a fili, ba da takardar wani babba ba. A fara da 'ya'yan maharba da na Fulani na ƙauyukan da ke kewaye, don mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A tura su makaranta, su dawo da muƙami da hanyar ƙarin girma. Albashi ya isa, ya zo kan kari. In ya mutu a bakin aiki, a san abin da za a bai wa matarsa da marayunsa, a rubuce, kada ta yi ta sintiri a ofis-ofis. Kowace tara kuma da rasit, a kuma buɗe wurin da talaka zai kai ƙarar mai gadi a saurare shi. Wanda aka kama da cin hanci a tuɓe masa kaki, ko ɗan wane ne.

Saura ku, 'yan'uwanmu masu itace da gawayi, da masu zuma, da masu sassaƙe da saiwa na cikin kasuwar nan. Mun san wani zai ce wannan magana tana neman bakin tukunyarsa. Ba mu ce a hana talaka dafa tuwo ba, alhali kananzir da gas sun fi ƙarfinsa. Amma ku faɗi gaskiya, motocin da ke ɗauko gawayi tuli-tuli, na matar ƙauye mai ɗaurin ƙirare ne? Mai gadin yunwa ita yake kamawa, motar ya ɗaga mata hannu. Mai gadin da ya ƙoshi, ya san doka, yana tsoron a kore shi, shi ne zai iya tsai da motar. A shata inda aka yarda a yi kiwo da inda za a ɗebi zuma da magani, a zauna da masu sana'ar kafin a shata, ba a aiko musu da sanarwa ba.

Duk ɗan takarar da ya shigo unguwarku neman ƙuri'a, har da namu, ku tambaye shi masu gadi nawa ne a Falgore, nawa ake biyansu, yaushe aka biya na ƙarshe. Abin da ya amsa ku kawo ofishin reshe, za mu rubuta, mu buga a wannan jarida da sunansa. Masu tambaya kuma ga fili, kafin a kira magariba.